Jagora: Raba Gaɓoɓi da Gano Inda Ƙarfin Murya Yake Sauka a Aikatau na Italiyanci

Rubutun Italiyanci ba ya wahalar da mai karatu sosai, domin yawancin haruffa yadda aka rubuta su haka ake furta su. Abu guda yake ɓoyewa, wato gaɓar da ake ƙarfafawa a cikin kalma, wadda Italiyawa ke kira accento. Ba a sa mata alama sai in ita ce gaɓar ƙarshe. A aikatau kuwa wannan ɓoyo yana iya juya magana gaba ɗaya. PER-do-no na nufin "suna asara", per-DO-no "ina yafewa", per-do-NÒ kuma "ya yafe". Haruffa iri ɗaya, ma'ana uku.

Kowane aikatau yana da siffofi fiye da 40 ko da an cire waɗanda ake haɗawa da aikatau masu taimako avere ("mallaka") ko essere ("zama"), amma ba sai ka haddace ƙarfin kowace ɗaya ba. Abu biyu kawai za ka nemo game da sabon aikatau: inda ƙarfi yake a siffarsa ta ƙamus, da inda yake a siffar io ("ni") ta lokaci mai ci. Sauran duk ƙa'ida ce ke ba da su. A wannan jagora gaɓar da aka rubuta da manyan haruffa ita ce mai ƙarfi. Mu ne muka yi haka don sauƙin gani, ba haka Italiyawa ke rubutu ba.

Mataki na 1: raba baƙaƙe

Sai an san gaɓoɓi kafin a ƙirga su. Kowace gaɓa tana da wasali, aikin kuwa shi ne sanin ɓangaren da baƙaƙen tsakiya za su bi.

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu na gaɓar da ke gaba ne: a-ma-re, ve-de-re, fi-ni-re. Baƙi mai ɗauri ana raba shi biyu: leg-ge-re, met-te-re, cor-re-re, fac-cio. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba bambanta baba da babba. Haɗin cq ma ɗauri ne, don haka ac-qui-sta-re, nac-que, piac-que.

Idan l, m, n ko r ya zo kafin wani baƙi daban, yana rufe gaɓar baya: par-la-re, com-pra-re, sen-ti-re, al-za-re. Idan kuma l ko r ne ya biyo bayan b, c, d, f, g, p, t ko v, su biyun ba sa rabuwa: a-pri-re, ve-drò, a-vrò, ap-pli-ca-re. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka tambayi kanka ko akwai kalmar Italiyanci da ke farawa da wannan haɗi. Akwai treno da prato, saboda haka tr da pr suna tafiya tare. Babu kalmar da ke farawa da nt ko rl, sai a raba su.

Akwai haruffan da biyu ne a ido amma sauti ɗaya ne a baki, su ma ba a raba su: gn a so-gna-re, gl kafin i a vo-glio da sce-glie-re, sc kafin e ko i a co-no-sce-re da u-sci-re, sai ch da gh a cer-chi da pa-ghi.

Ƙa'idar da ta fi saɓa wa kunnen Bahaushe ita ce ta s. Mu muna cewa is-ka, kas-ko, don haka hannu zai so ya rubuta as-pet-ta-re. Makarantar Italiya ba ta yarda ba: s da baƙin da ke bin ta duka gaba suke tafiya, wato a-spet-ta-re, a-scol-ta-re, ri-spon-de-re, fi-ni-sco, mo-stra-re. Ɗauri ne kaɗai ke karya wannan, kamar es-se-re da pos-so. Ƙa'idar rubutu ce, a bi ta yadda take. Amma kunnen bai yi ƙarya ba, masana furuci da dama ma suna ganin a bakin mutane s ɗin tana manne wa gaɓar baya, kuma za mu ga amfanin sanin haka a mataki na 5.

In baƙaƙe uku suka haɗu, na farko ya koma baya, biyu su tafi gaba: en-tra-re, sem-bra-re, sof-fri-re. In na farkon s ne, duka ukun gaba: di-strug-ge-re.

A nan ne matsala ta farko take kunno kai. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa aka samu burodi da sukurudireba. Harshe zai so ya tsoma wasali a scri-ve-re ya mayar da shi "sikirivere", gaɓa uku ta zama biyar, ƙirga ta lalace. Maganinsa shi ne ka ja s ɗin ita kaɗai na ɗan lokaci, sss, sannan ka faɗa kan cri ba tare da buɗe baki a tsakani ba. Sai ka riƙa rage tsawon s har ta koma daidai.

Mataki na 2: raba wasula

Wannan ya fi na baƙaƙe wuya, domin wani lokaci sai ka san ƙarfi kafin ka san rabo.

Wasulan i da u marasa ƙarfi, in suka jingina da wani wasali, gaɓa ɗaya suke yi da shi: vie-ni, tie-ne, vuo-le, par-lia-mo, par-lai, vor-rei. Puoi da vuoi, duk da wasula uku, gaɓa ɗaya-ɗaya ne. Amma a, e, o in suka haɗu da juna kowane gaɓarsa daban: cre-a-re, cre-o. Haka ma i ko u da ƙarfi ya sauka a kansa: in-VI-o, SPI-o, fi-NI-i. Ɗafa-goshin ri- mai ma'anar sake yin abu shi ma yana tsayawa da kansa: ri-a-pri-re, ri-u-sci-re.

Aikatau masu ƙarewa da -iare sun kasu biyu, kuma rubutu ba ya nuna wanne ne wanne. Mafi yawansu irin studiare ne: STU-dio, STU-dia-no, haka CAM-bio da CO-pio. Kaɗan ne irin inviare, avviare, spiare da sciare, inda i ke ɗaukar ƙarfi: in-VI-o, in-VI-a-no. Bambancin yana fitowa har a rubutu a siffar tu ("kai" ko "ke"): studi da i ɗaya, invii da i biyu.

Akwai kuma i wadda ba wasali ba ce ko kaɗan, aikinta kawai ta nuna cewa c, g, sc ko gl mai laushi ne. Man-gio gaɓa biyu ce, ana furta ta kusan "manjo", ba "manjiyo" ba. Haka la-scio, co-min-cio, vo-glio. Shaidar cewa alama ce kawai: tana ɓacewa da zarar e ta zo ta karɓi aikinta, shi ya sa ake rubuta mangerò, comincerò, lascerò. Sciare kuwa, mai nufin zamiya a kan dusar ƙanƙara, yana riƙe tasa a scierò saboda ana furta ta.

In kana raba kalma a ƙarshen layi, kada ka yanka tsakanin wasula biyu ko da ƙa'ida ta halatta. Ka matsa zuwa baƙi, ya fi tsafta.

Mataki na 3: ƙirga daga ƙarshe, da sanin yadda ƙarfin yake a kunne

Daga baya ake ƙirgawa. Kalmar da ƙarfinta ke gaɓar ƙarshe tronca ce (par-LÒ). Ta biyu daga ƙarshe piana (par-LA-re), ita ce mafi yawa a harshen. Ta uku sdrucciola (PAR-la-no), ta huɗu bisdrucciola (te-LE-fo-na-no). Ka riƙe sunayen, domin da su malamai da littattafan nahawu ke bayani.

Ƙarfi ba karin sautin sama ba ne irin na Hausa. A tambaya murya takan hau a ƙarshen jimla, amma Parlano? har yanzu ƙarfinta na kan PAR. Abin da kunne ya fi kamawa shi ne tsawo. Gaɓa mai ƙarfi da ta ƙare da wasali tana ɗan miƙewa, kamar a ce a-MAA-re. In ta ƙare da baƙi wasalin gajere ne, nauyin yana kan gaɓar duka: PAR-lo, SEN-to. In ita ce gaɓar ƙarshe, wasalin gajere ne mai kaifi, a datse shi: par-LÒ. Sauran wasula gajeru ne amma a fayyace, ba a haɗiye su.

Kalmomin Hausa da yawa suna ƙarewa da dogon wasali, kuma wannan sabo yana bin mutum. In ka ja o ta ƙarshen parlo, Ba'italiye zai iya jin parlò, "ina magana" ta koma "ya yi magana". Ka saki gaɓar ƙarshe da sauri.

Mataki na 4: siffar ƙamus

Ita ce infinito, mai ƙarewa da -are, -ere ko -ire. Na -are da na -ire ba su da rigima: par-LA-re, te-le-fo-NA-re, dor-MI-re, ca-PI-re, kullum haka.

Na -ere gida biyu ne. Wasu ƙarfinsu yana kan ɗafin -ere: ve-DE-re, a-VE-re, sa-PE-re, po-TE-re, vo-LE-re, do-VE-re, te-NE-re, ca-DE-re, pia-CE-re, se-DE-re, ri-ma-NE-re, te-ME-re, ta-CE-re, va-LE-re. Sauran, waɗanda su ne mafi rinjaye, ƙarfinsu na kan saiwa, wato abin da ya rage in an cire ɗafin: PREN-de-re, SCRI-ve-re, LEG-ge-re, CRE-de-re, VI-ve-re, CHIE-de-re, PER-de-re, ES-se-re, co-NO-sce-re.

Dalili yana cikin Latin, inda waɗannan rukuni biyu ne daban, ɗaya mai dogon e, ɗaya mai gajere. Italiyanci ya daina bambanta tsawon wasali amma ya bar ƙarfin a inda yake. Wasu ma sun sauya gida a hanya: cadere da sapere sun koma rukunin farko, ridere da rispondere sun koma na biyu, saboda haka sanin Latin ma ba ya fitar da mutum gaba ɗaya. Hanyar da ta fi aiki ita ce a haddace gajeren jerin farko tare da 'ya'yansa (ottenere da mantenere suna bin tenere, prevedere yana bin vedere), duk wanda ba ya ciki a fara zaton ƙarfinsa na kan saiwa, sannan a tabbatar a ƙamus. A kula da LEG-ge-re, "karantawa", domin leg-GE-re siffa ce ta jam'in mata mai nufin "marasa nauyi".

Mataki na 5: lokaci mai ci, inda aka fi yin tuntuɓe

Tsarin mutum shida ne. A huɗu ƙarfi yana kan saiwa, a biyu yana kan ɗafi:

io PAR-lo, tu PAR-li, lui PAR-la, noi par-LIA-mo, voi par-LA-te, loro PAR-la-no.

Noi ("mu") da voi ("ku") suna jan ƙarfi zuwa ɗafi a kowane aikatau. Io, tu, lui ("shi") ko lei ("ita"), da loro ("su") suna barin sa a gaɓa guda ta saiwa. Kuskuren da ya fi yawa a bakin masu koyo shi ne par-LA-no, saboda an saba da cewa ƙarfi yana gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Gaɓar -no ta loro goyo ce, ana ɗauke da ita ne, ba ta jan komai zuwa wajenta. Inda ƙarfi yake a io, nan yake a loro: VE-do da VE-do-no, PREN-do da PREN-do-no, DOR-mo da DOR-mo-no. Gajerun nan masu gaɓa biyu, hanno, fanno, vanno, sanno, stanno, danno da sono, ƙarfinsu na gaɓar farko.

Masu -isc- suna ɗora ƙarfin a kan i ta wannan ƙari: fi-NI-sco, fi-NI-sci, fi-NI-sce, fi-NI-sco-no. A noi da voi ƙarin yana ɓacewa: fi-NIA-mo, fi-NI-te. Wannan yana da dalili. Yawancin abin da ake kira rashin bin ƙa'ida a lokaci mai ci sawun ƙarfi yake bi. Dubi sedere: SIE-do, SIE-di, SIE-de, SIE-do-no, amma se-DIA-mo, se-DE-te. Tagwan wasalin ie ya samo asali ne daga gajeren e na Latin da ƙarfi ya sauka a kansa a gaɓa buɗaɗɗiya, wato mai ƙarewa da wasali, in ƙarfin ya matsa sai ya koma e. Haka uo a MUO-re da mo-RIA-mo. A venire ana samun VIE-ni da VIE-ne amma VEN-go da VEN-go-no, domin a can n ta rufe gaɓar. Uscire yana ba da E-sco da u-SCIA-mo, andare VA-do da an-DIA-mo. Wanda ya gane haka ya rage wa kansa hadda mai yawa.

Saura tambaya ɗaya: in saiwa tana da gaɓa biyu ko fiye, wacce ce ke ɗaukar ƙarfin? A na -ere da -ire kusan kullum ta ƙarshen saiwa ce: ri-CE-vo, de-CI-do, co-NO-sco, tra-DU-co. A na -are ne ake samun rabuwa. Akwai la-VO-ro, cam-MI-no, pre-PA-ro, im-PA-ro, in-VI-to, a-IU-to. Akwai kuma masu ja da baya: A-bi-to, te-LE-fo-no, OR-di-no, di-MEN-ti-co, de-SI-de-ro, VI-si-to, im-MA-gi-no, E-vi-to, pre-OC-cu-po. A loro waɗannan suna zama bisdrucciole: A-bi-ta-no, di-MEN-ti-ca-no, de-SI-de-ra-no. Gaɓa uku marasa ƙarfi a jere suna da wuya a farko, harshe yana neman wurin hutawa a tsakiya. Kada ka ba shi. CA-pi-ta-no na nufin "suna aukuwa", ca-pi-TA-no kuwa kyaftin ne.

Dabaru uku suna taimakawa, a bi su a jere.

Ta farko: a siffar io, dubi gaɓa ta biyu daga ƙarshe. In baƙi ya rufe ta, nan ƙarfi yake: a-SPET-to, a-SCOL-to, ri-COR-do, rac-CON-to, or-ga-NIZ-zo. Wanda ya yi nazarin waƙa ya san gaɓa mai nauyi da marar nauyi, to mai nauyin ce ke riƙe ƙarfin. Haɗin s da baƙi, da gn, da gl mai laushi, suna aiki tamkar sun rufe gaɓar da ta zo kafin su duk da yadda ake raba su a rubutu: ac-QUI-sto, di-MO-stro, in-SE-gno, con-SI-glio.

Ta biyu: nemi sunan da ke da dangantaka da aikatau. Telefono, ordine da visita ƙarfinsu a baya yake, aikatau ɗinsu ma haka. Cucina, lavoro da saluto nasu a tsakiya yake, sai aka samu cu-CI-no, la-VO-ro, sa-LU-to.

Ta uku: masu ƙarewa da -ificare duk suna ja da baya, ve-RI-fi-co, mo-DI-fi-co, si-GNI-fi-ca, kuma yawancin masu -icare haka suke, co-MU-ni-co, PRA-ti-co, IN-di-co. Yawanci aka ce, ba duka ba, ga af-fa-TI-co nan.

In ukun ba su warware ba, sai ƙamus. Su kansu Italiyawa akwai inda suke saɓawa: a valutare za ka ji va-LU-to, wanda shi ne na asali, za ka kuma ji VA-lu-to, wanda ya yaɗu sosai. Kada ka tsaya musu a kan irin wannan.

Mataki na 6: sauran lokuta

Daga nan abin ya yi sauƙi, domin a yawancin lokuta ɗafi ne ke riƙe ƙarfin, siffar io ta lokaci mai ci ba ta da ta cewa.

Imperfetto, na abin da ake yi a da ko aka saba yi: par-LA-vo, par-LA-vi, par-LA-va, par-la-VA-mo, par-la-VA-te, par-LA-va-no. Noi da voi sun matsa gaba da gaɓa ɗaya, loro ya tsaya tare da io. A essere ma: E-ro, e-ra-VA-mo, E-ra-no.

Futuro, lokaci mai zuwa: par-le-RÒ, par-le-RAI, par-le-RÀ, par-le-RE-mo, par-le-RE-te, par-le-RAN-no. Nan ne kaɗai loro yake piana a kowane aikatau. An gina lokacin ne daga infinito haɗe da avere, wato -ò daga ho, -à daga ha, -anno daga hanno, ƙarfin kuma ya zauna a kan ɓangaren avere. Tunda gaɓar da ta zo kafin ɓangaren ba ta da ƙarfi, a wasu aikatau wasalinta ya zube: an-DRÒ, ve-DRÒ, po-TRÒ, a wasu har ya haifar da ɗauri, ver-RÒ, vor-RÒ, ri-mar-RÒ.

Condizionale, na sharaɗi da neman alfarma: par-le-REI, par-le-RE-sti, par-le-REB-be, par-le-REM-mo, par-le-RE-ste, par-le-REB-be-ro. Ƙarfin bai motsa daga gaɓar re ba ko sau ɗaya. Abin lura shi ne parleremo, "za mu yi magana", da parleremmo, "da mun yi magana". Ƙarfinsu wuri ɗaya ne, ɗauri ne kawai ya raba su. A ta farko e tana miƙewa, a ta biyu gajera ce, m ce ake riƙewa.

Passato remoto shi ne shuɗaɗɗen lokacin littattafai da tarihi. A kudancin Italiya da Toskana ana jin sa a baki, a arewa kuwa da wuya. Masu bin ƙa'ida: par-LAI, par-LA-sti, par-LÒ, par-LAM-mo, par-LA-ste, par-LA-ro-no, haka dor-MÌ da dor-MI-ro-no. Da yawa daga na -ere suna da saiwa biyu a nan. A io, lui da loro ana amfani da gajeriyar saiwa mai ƙarfi a kanta, a sauran ukun a koma wa saiwar yau da kullum da ƙarfi a ɗafi: SCRIS-si, scri-VE-sti, SCRIS-se, scri-VEM-mo, scri-VE-ste, SCRIS-se-ro. Haka FE-ci da fa-CE-sti, EB-bi da a-VE-sti, PRE-si da pren-DE-sti. Saboda haka fece, disse, vide da prese ba sa ɗaukar alama a ƙarshe, ba tronche ba ne.

Congiuntivo, siffar fata ko shakka, na yanzu yana bin lokaci mai ci sau da ƙafa: PAR-li, par-LIA-mo, par-LIA-te, PAR-li-no, kuma masu ja da baya suna nan da halinsu, te-LE-fo-ni-no. Na da kuwa yana da tarko a noi: par-LAS-si, par-LAS-se, par-LAS-si-mo, par-LA-ste, par-LAS-se-ro. Wanda ya saba da parlavamo zai so ya ce parlas-SI-mo, ba daidai ba ne. FOS-si-mo, a-VES-si-mo, duk haka.

Siffofin -ato, -uto, -ito da na -ando, -endo duk piane ne: par-LA-to, cre-DU-to, par-LAN-do, ve-DEN-do.

Mataki na 7: in wakilin suna ya manne a baya

A umarni, a infinito da a siffar -ndo, ƙananan wakilan suna irin mi, ti, lo, la, ci, ne, gli suna mannewa a ƙarshen aikatau, a rubuta su kalma ɗaya. Gaɓoɓi suna ƙaruwa, ƙarfi ba ya motsi. Hanyar aiki: cire abin da aka manna, nemo ƙarfin aikatau shi kaɗai, sannan ka mayar.

PREN-di, PREN-di-lo. SCRI-vi, SCRI-vi-mi, SCRI-vi-me-lo. An-DIA-mo, an-DIA-mo-ce-ne. Te-LE-fo-na, te-LE-fo-na-mi. A OR-di-na-glie-lo ƙarfin ya kai gaɓa ta biyar daga ƙarshe. Infinito yana zubar da e ta ƙarshe amma ya riƙe ƙarfinsa: ve-DER-lo, al-ZAR-si, MET-ter-si, PREN-der-ne.

Maganganun yau da kullum cike suke da wannan: SCU-sa-mi, AL-za-ti, SIE-di-ti, fi-GU-ra-ti, ac-CO-mo-da-ti. Masu ƙarewa da -ati da -iti su ne ke ruɗarwa, domin sun yi kama da jam'in siffar -ato da -ito. VE-sti-ti na nufin "sa kayanka", ve-STI-ti kuwa tufafi ne. Di-VER-ti-ti fatan a ji daɗi ne ga mai fita, ri-COR-da-ti "ka tuna". A umarnin girmamawa na Lei ("kai" ko "ke" na ladabi) wakilin sunan gaba yake zuwa a ware: mi SCU-si, si ac-CO-mo-di.

Umarni biyar masu gaɓa ɗaya, da', di', fa', sta', va', suna ɗaure baƙin farko na abin da ya manne musu: DIM-mi, DAM-me-lo, FAL-lo, VAT-te-ne, VAC-ci. Gli ne kaɗai ba a ninka shi a rubutu: digli, daglielo. Irin wannan ɗauri yana faruwa tsakanin kalmomi ma, ko da ba a rubuta shi. A Toskana, Roma da kudu, bayan kalma tronca da wasu masu gaɓa ɗaya ana ninka baƙin da ya biyo: andò via ta fito kamar "andovvia", va bene kamar "vabbene". A Milan da Turin ba kasafai ake yin haka ba, kuma babu wanda zai kasa fahimtarka in ba ka yi ba.

Mataki na 8: alamar da ake rubutawa

Duk siffar da ta wuce gaɓa ɗaya kuma ƙarfinta na kan wasalin ƙarshe dole a sa mata alama: parlò, parlerà, dormì. A kan a, i, o, u alamar mai gangarowa dama ce, à ì ò ù. A kan e iri biyu ce: è buɗaɗɗiya a è, "shi ne", é rufaffiya a poté da credé. Parlai da vorrei ba sa ɗauka tunda ba wasalin ƙarshe ne mai ƙarfin ba.

Masu gaɓa ɗaya yawanci ba a sa musu: fa, va, sta, sa, so, sto, fu. Ana sa wa è don raba ta da e, "da", a sa wa dà, "yana bayarwa", don raba ta da da, "daga", sai può. In an ƙara ɗafa-goshi kalmar ta zama gaɓa biyu, alama ta wajaba: rifà, ridò. Umarnin nan biyar kuwa waƙafin sama suke ɗauka. Rubuta E' a madadin È kuskure ne da ya yaɗu saboda allon rubutun kwamfuta na Italiya ba shi da maɓallin babbar È. A Windows ana samun ta da Alt da 0200, a waya kuma a danne harafin a riƙe har zaɓi ya fito.

Yadda za ka yi da sabon aikatau

Buɗe ƙamus. Na Treccani da ke intanet yana sa alamar ƙarfi a kan kalmar shiga in ba piana ba ce, yana kuma rubuta siffar io a cikin baka biyu ( ) a inda ake iya ruɗewa. DOP, ƙamusun rubutu da furuci na gidan rediyo da talabijin na RAI wanda ya fara fitowa a 1969, yana intanet tare da murya. Ka kwafi abu biyun nan cikin littafinka da alama a kai, misali dimenticàre, dimèntico.

Daga nan ka raba gaɓoɓin, ka faɗi siffofi huɗu da babbar murya kana buga tebur a gaɓa mai ƙarfi: io, loro, noi, sai loro kuma. Di-MEN-ti-co, di-MEN-ti-ca-no, di-men-ti-CHIA-mo, di-MEN-ti-ca-no. Komawa loro bayan noi ita ce gwajin, domin a nan ne harshe ke zamewa. In doguwar kalma ta ƙi faɗuwa, faɗi gaɓa mai ƙarfin ita kaɗai, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya a bayanta: MEN, MEN-ti, MEN-ti-ca, MEN-ti-ca-no, sannan ka sa di a gaba. Aikatau 5 a zama ɗaya sun isa, kuma ya fi kyau a gauraya su, biyu masu ja da baya, biyu marasa ja, ɗaya na -ere, don kada baki ya kama kari guda ya riƙa maimaitawa ba tare da kunne ya saurara ba.